Gandun Tsauni ko na Bakin Teku

A Riyad, in zafi ya kankama, gaisuwa ma canzawa take yi. Ba mai tambayarka ya aiki, sai dai a ce, "Bana ina za ku?" Larabawan da muke aikin jinya tare a asibiti kowa da ƙasar da zai gudu ya sha iska. Mu kuwa amsarmu ɗaya ce shekara da shekaru: Kano. Mu je mu sha ruwan damina, mu raba tsaraba, mu dawo da kuka da daddawa da gajiya.

Shekarar da babbar 'yata ta gama sakandare ne maigidana ya yi suɓutar baki. Murna ta ɗebe shi da ya ga sakamakonta, ya ce ta faɗi duk ƙasar da take so, zai kai mu. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce Jojiya. Rabin 'yan ajinsu sun je, sun dawo da hotunan tsaunuka da koguna, kuma a lokacin mai iƙamar Saudiyya, wato katin izinin zama, ba ya bin layin biza kafin ya shiga. Ƙaramar ƙasa ce, amma tsauni ya cinye fiye da rabinta. Da na ji kalmar tsauni sai na kalli maigidana, shi kuma ya kalli fankar sama.

Kafin mako ya zagayo aminiyata ta ji, ta ce ai ba mu isa mu tafi mu bar su ba. 'Yar Zariya ce. A kasuwar kayan miya ta Aziziya muka haɗu tun muna sababbin zuwa, na jiyo mace tana zagin tsadar tumatir da Hausa, na ce wannan tawa ce. Mijinta injiniyan hanya ne, kowa Injiniya yake ce masa, mutumin kirki mai son tsara abu. In ya ɗauki shiri a kansa, har lokacin da za ka sha shayi sai ya tsara maka. Suna da ɗa namiji guda, ya ɗan girmi 'yata, yana jami'a a lokacin. Tun yarinyar tana rarrafe aminiyata take ce mata surukata. Da wasa aka fara, irin wasan da muke yi a gida. Amma yaran sun girma, wasan bai tsaya ba, kuma na lura 'yata ta fara gyara ɗankwali in an ce suna hanya.

Hutun Injiniya gajere ne, don haka ya ce bayan babban birnin ƙasar, gandun daji ɗaya kawai za mu iya zuwa, mota ɗaya, masauki ɗaya. Gandun dajinsu irin namu ne na Yankari, hukuma ke kula da shi, sai dai su ba giwa suke nunawa ba, tsauni ne da ruwa da itatuwa. Ya tace su ya tace har suka rage biyu. Ɗaya yana yamma, kusa da teku, ƙasa-ƙasa, kurmi ne da ruwan sama da rafuffuka. Ɗayan yana arewa, can cikin manyan tsaunuka, inda ƙanƙara ba ta narkewa a ƙololuwa ko da rani. Mota za ta yi ta hawa da kai har kunnenka ya toshe, sannan ka sauka ka ci gaba da hawa da ƙafa. Duk wanda ya ga hotunan biyu ya san wanda zai zaɓa. Ko ni, da ba don abin da nake ɓoyewa ba, na tsaunin zan ce.

'Yata sikila gare ta. Yanzu na rubuta shi a layi ɗaya, amma shekara goma sha bakwai ban taɓa furta shi a gaban wani Bahaushe a garin nan ba.

Iskar saman tsauni ba ta ƙosar da huhu. Mai lafiya zai ɗan yi haki ya wuce. Mai sikila kuwa jininsa ne ke lanƙwashewa ya toshe hanya, ciwo ya tashi a ƙashi ko a ƙirji. In ka ƙara masa sanyi da doguwar tafiyar ƙafa, ka haɗa masa duk abin da yake gudu a kwano ɗaya. Ba a littafi kawai na san wannan ba. Tana shekara bakwai muka je Abha, can kudu inda tsaunuka suke, don mu huta da zafin Riyad. Kwana na biyu da la'asar ta daina wasa, ta zauna ta dafe ƙirji. Sai kukan ya fara. Wanda ya taɓa jin kukan yaro mai sikila ba ya haɗa shi da wani kuka. Maigidana yana tuƙi a wata hanya mai kwana-kwana, ni ina baya na rungume ta, ina kallon leɓɓanta suna komawa launin toka. An yi mata ƙarin jini, ta kwana a ɗakin da ba a barin dangi su zauna.

Da muka dawo muka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aminiyata ta kawo kunun gyaɗa a fulas, ta zauna bakin gado tana shafa kan yarinyar, ta ce, "Sista, ashe sauron Saudiyya ma ya iya wannan aikin?" Sista take ce min saboda aikina. Na ce ai daga Kano ta kwaso shi, ya kwanta a jiki. Ta yarda, ko ta nuna ta yarda.

Wannan ɓoyon umarnin surukata ne, Hajiya, mahaifiyar maigidana. Ranar da sakamakon gwaji ya fito, yarinyar tana goye, ta kira mu ɗakinta a Kano ta sa aka tura ƙofa. Ta ce, "Ciwon 'ya mace ba a kai shi kasuwa. Namiji ko da ƙafa ɗaya ne zai yi aure. Ita kuwa yau aka ji, gobe an gaya wa dangin wanda bai ma gan ta ba tukuna. Ku bar shi a cikinku har Allah ya kawo wanda ya cancanta ya ji." Ba mugunta ba ce. Ta ga yadda aka yi da 'yar ƙanwarta, manema suna zuwa suna ɓacewa ba sallama. Muka ce to. Daga ranar na zama gwanar ƙarya. Ƙwayar da take sha kullum na juye ta a kwalbar bitamin. In idonta ya yi ɗorawa, gado ne daga kakarta. In azumi ya zo ba ta kai wasu, olsa ce. A wurin aiki kuwa ni ce mai yi wa iyayen Larabawa wa'azi cewa su sanar da makaranta, su sanar da dangi, ba abin kunya ba ne. Su kuma ba sa ma ɓoyewa, mace za ta faɗa miki a layin karɓar magani kamar tana ba ki labarin mura.

Akwai abu na biyu da ya ɗaure ni, shi kuma daga gidanmu na taho da shi. Yarinyar 'yar fari ce. A gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Mahaifiyata har ta koma ga Allah "wannan" take ce wa yayanmu. Ni kuma "ke" nake ce wa tawa, in ina ba da labarinta na ce "'yar Hajiya". In aka tambayi sunanta a asibiti sai na miƙa kati. Ko a motar nan ta Abha, tana sulalewa a hannuna, abin da nake ta faɗa shi ne, "Ke, ke, buɗe idonki." Ita kuwa a Riyad ta tashi, Larabcinta ya fi Hausarta nisa, kullum tana ganin iyayen ƙawayenta suna rungume su a ƙofar makaranta suna kiran sunansu da ƙarfi. Sau ɗaya ta taɓa tambayata dalili, tana ƙarama. Na ce haka ake yi, ta je ta ci abincinta.

Da maganar gandun nan ta taso na tsare maigidana a ɗaki na ce ya san yadda zai yi. Ya ce, "Bar ni da Injiniya, magana ce ta maza." Na bar shi da shi. Ai kuwa na ga maganar maza.

Ya fara da gwiwa. Ya ce gwiwarsa ta hagu ba ta son hawa. Injiniya ya ce ai akwai motoci masu ƙarfi da ke kai mutum har kusa da sama, tafiyar ƙafar ga mai so ce. Ya ce hanyar tana da hatsari. Wa ya gaya masa ana yi wa injiniyan hanya maganar hanya? Ya samu lacca a kan yadda ake yanka titi a jikin dutse har shayinsa ya huce. Ya ce sanyi, yaranmu ba su saba ba. Bayan kwana biyu sai ga Injiniya da matarsa a ƙofarmu da manyan ledoji daga kasuwar Batha, rigunan sanyi na kowa da kowa, har da safar hannu. Aminiyata ta zaro wata ja mai hula da gashi-gashi a bakinta, ta ce, "Wannan ta surukata ce, ni na zaɓa da kaina." Yarinyar ta rungume rigar. Na yi godiya, na yi dariya, na shiga kicin na dafa bango. Duk ƙaryar da muka yi sai mutanen nan su warware ta da alheri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mun kai ƙarshen namu.

Na ce wa maigidana to mu fasa tafiyar baki ɗaya. Ya ce da wane dalili, bayan an yanki tikiti, bayan shi ya yi alkawari da bakinsa? Na ce to ka gaya wa abokinka gaskiya. Ya ce, "Hajiya fa?" Mutum ne mai kunya, irin waɗanda ke barin halas don kunya. Na daɗe ina son wannan halin nasa. A makon nan kam da ana sayar da shi da na kai shi kasuwa.

Na kai yarinyar wurin likitanta. Ya ce jirgi ba matsala in ta yi ta shan ruwa, bakin teku ma lafiya lau. Da aka nuna masa hoton tsaunin sai ya sake duba katinta. Ya ce shi ba zai ce ya hana ba, tunda ta daɗe ba ta kwanta ba, wasu suna hawa su sauko lafiya. Amma in ciwon ya tashi a can sama, ina asibitin da ke da jinin da zai dace da ita, kuma awa nawa ne a mota kafin a kai? Muka fito, ita ta ji "ba zan ce na hana ba", ni kuma na ji sauran.

A kicin muka yi ta, ina yanka albasa tana tsaye jikin firij.

"Adi, Mama, adi," ta ce. Kalmar yaran Riyad ke nan, wai ba komai ba ne. "Zan sha ruwa, zan sa rigar, zan tafi a hankali. In na gaji zan zauna."

"Ke, a Abha ma zama kika yi."

"Ina ƙarama lokacin. Ban ma tuna ba."

"Ni na tuna."

Ta juya zuwa Larabci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci. Ta ce duk rayuwarta daga gefe take kallon komai. Ba ta shiga ruwa, ba ta gudu a makaranta, ba ta zuwa sahara da ƙawaye in ana sanyi. Ta ce abu ɗaya ta roƙa. Sannan ta sassauta murya ta koma Hausarta mai ɗingishi, ta ce, "Kuma kar ki faɗa musu, Mama. Don Allah. Ba a gabansa ba."

Na san ɗan aminiyata take nufi. Na ce albasa ce ta shiga min ido. Gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, za a hau da ita inda iska ba ta isarta. In na yi magana, na karya umarnin Hajiya, na karya roƙon yarinyar, kuma wataƙila na rufe mata ƙofar da take leƙe da zuciyarta. A kwanakin nan ko a wurin aiki ba ni da natsuwa. Aka kawo wani saurayi mai sikila yana murƙususu, ina ɗaura masa ruwa ina ganin fuskarta a kan filon. Na yi ta lissafin hanyar da ban taɓa gani ba, kwana nawa take da shi, ina za a tsaya in ta fara haki, da wane yare zan yi wa likitan can bayani. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke sa abinci ya zama kamar ƙasa a baki.

Ranar Juma'a aka sa za a yanke magana. Muka kama istiraha a bayan gari, irin gidan hutun nan mai katanga da 'yar ciyawa da ake haya na yini. Bayan la'asar rana ta ɗan yi sauƙi, muka shimfiɗa dardumai a inuwar katanga, maza a gefe, mu a gefe, amma muna jin juna. An ci shinkafa da rago, ana shan shayi. Ƙannen 'yata maza biyu suna ta tsalle da safar hannu a zafin nan. Aminiyata ta matsa wa 'yata sai ta gwada jar rigar an ɗauke ta hoto. Ta saka, ta ja hular ta rufe kai, gumi yana bin goshinta tana dariya. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na kawar da kai kamar yadda aka koya min.

Injiniya ya miƙe da waya a hannu. Ya ce mai motar da zai ɗauke mu a can yana jiran amsa yau, don haka za a yi zaɓe kamar na 'yan siyasa, amma ban da sayen ƙuri'a. Aka yi dariya. Ya ce masu son bakin teku su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Na kalli maigidana, ya ɗaga nasa iya kafaɗa, kamar mai korar ƙuda.

"Masu son tsauni fa?"

Hannuwa suka tashi. Injiniya, matarsa, ɗansu, yarana maza har da tsalle. Sai na ga jan hannun rigar nan yana tashi a hankali. Ba ta kalli kowa ba sai ni. Ba rashin kunya ba ne a idonta, roƙo ne.

Na ce, "Ni dai tudun nan ba na son sa. Jiri nake ji."

Ƙaryata ta ƙarshe ke nan, kuma ita ce ta fi kowacce muni, don aminiyata ta tafa hannu ta ce, "Ashe ke ce matsoraciyar! To ai da sauƙi, Sista. Ranar hawa ki yi zamanki a masauki ke da mai ciwon gwiwa, ku sha shayinku. Ni zan riƙe surukata mu hau har inda ƙanƙarar take. Ko ba ki yarda da ni ba?"

Injiniya ya riga ya fara danna waya.

Na gan su a raina. Na ga yarinyar a can sama cikin jar riga ta zauna a kan dutse ta dafe ƙirji, aminiyata tana cewa gajiya ce, ta ɗan huta. Na san 'yata. Ba za ta faɗa ba. Za ta cije leɓe a gaban yaron nan har sai ta kasa tashi, kuma babu ko mutum ɗaya a wurin da zai san abin da yake kallo, domin ni da kaina na shafe shekara goma sha bakwai ina tabbatar da ba su sani ba.

Sai na ji sunanta ya fito daga bakina. Da ƙarfi, cikakke, kamar yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

Duk manyan da ke zaune sun san abin da suka ji. Aminiyata ta ajiye kofin shayinta a kan darduma ba ta duba inda ta ajiye ba. Maigidana ya ɗago kai. Yarinyar ma ta waiwaya bayanta tukuna, kamar wata ake kira.

Na ce, "Sauke hannunki." Ta sauke. Na juya wajen maza, abin da ban saba ba, na ce, "Injiniya, don Allah dakata da wayar nan. Yarinyar nan sikila gare ta. Tun haihuwa. Abin da ya kwantar da ita a Abha ke nan, ba sauro ba ne. In ta hau tsaunin nan ciwon zai iya tashi, kuma zan iya rasa ta kafin a sauko. Ba jiri nake ji ba, gwiwar babanta ma lafiyarta ƙalau. Tsoro muke ji."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Injiniya ya yi salati. Ya juya ga maigidana ya ce, "Haba, ɗan'uwa. Haba. Da ka bar ni na ɗauki 'yarka na kai ta can da hannuna?" Maigidana ya sa hannu ya rufe fuska. Nan take Injiniya ya buga wayar, muna ji ya ce wa mai motar, bakin teku za mu, ya manta da arewa. Bai tambayi ra'ayin kowa ba, zaɓen ya rushe.

Aminiyata ta rarrafo ta rungume ni tana kuka tana dukan bayana. Ta ce, "Sista, ba ki da kirki. Shekara nawa ina ƙure mata na'urar sanyi a ɗakina? Shekara nawa ina yi mata faɗan azumi?" Na ce ta yafe min. Sannan ta share ido, ta miƙa wa yarinyar hannu biyu, ta ce, "Zo nan, 'yata."

'Yata. Na ji shi sarai, kuma na san ita ma yarinyar ta ji. Daga ranar har yau aminiyata ba ta sake cewa surukata ba. Ba ta rage mana komai ba, in ma akwai canji ƙaruwa aka yi, ita ce mai bin yarinyar da gorar ruwa duk tsawon tafiyar. Amma kalmar nan ɗaya ta ɗauke ta ta adana. Ban riƙe ta a zuciya ba, uwa ce ita ma, ɗa ɗaya gare ta. Abin da Hajiya ta hango dai ya faru, kuma a gabana ya faru, kafin shayi ya huce.

Yarinyar ta je, ta bari aka rungume ta. Sannan ta cire jar rigar, ta ninke ta da kyau, ta ajiye a gefen darduma. Ɗan aminiyata ya tashi yana tattara kofuna, aikin da ban taɓa ganin ya yi ba. Da za mu tafi ni na ɗauko rigar.

Mun je bakin tekun daga baya. Ruwan sama ya yi ta dukanmu, kwaɗi sun hana mu jin juna, mun ci kifi, kuma ko ciwon kai ba ta yi ba. Amma ba tafiyar nake yawan tunawa ba, komawarmu gida daga istirahar nan nake tunawa.

Ana kiran magariba muna kan titi. Can maigidana ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Me zan ce wa Hajiya?" Na ce, "Ka ce ni ce." A madubi ina hango yarinyar, ta jingina kai da gilashi tana kallon fitilun gari. Tsoron tsauni ya sauka daga ƙirjina, wani ya hau. Na tsare ta daga abin da zai iya kashe ta, amma na yi mata abin da ta roƙe ni da Allah kar na yi, kuma ban san ko za ta sake kallona kamar da ba.

Da muka isa, maigidana ya wuce masallaci da yaran maza. Muka rage mu biyu a farfajiyar gidan, ina rungume da jar riga da kular abinci. Ta tsaya a gindin matakala, ba ta hau ba.

Da Larabci ta fara. Ta ce na tona mata asiri a gabansa. Ta ce yanzu duk lokacin da ya kalle ta, marar lafiya zai gani. Ta ce ciwonta ne, ita ya kamata ta zaɓi ranar faɗa. Hawaye suna zuba ba ta share ba.

Na ce, "Gaskiyarki ne. Na tona. Ki yi fushi da ni iya son ranki, ina nan, ke ma kina nan."

Ta daɗe tana kallon takalminta. Na ɗauka hawa za ta yi ta bar ni, har na gyara riƙon kular. Sai ta ja hanci, ta ce da Hausar nan tata da ba ta gama nuna ba, "Mama, ashe kin san sunana."

Na ce, "Ke, wuce mu je, lokacin salla yana tafiya."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Sake faɗa."

Na waiwaya dama da hagu, kamar mahaifiyata tana tsaye a wani lungu tana jina. Ba kowa a farfajiyar sai motocin maƙwabta. Na ajiye kular a ƙasa, na sake faɗa.